Takardar Lafiyar Mota Ba Ta Kai Kaji Kasuwa: Magana Ga Mai Shirin Sayen Tsohuwar Akori-Kura



A cikin watan nan mutum uku sun turo mini saƙo da tambaya kusan iri ɗaya. Kowannensu ya samu tsohuwar akori-kura a farashi mai sauƙi, yana so ya saya don ɗauko abincin kaji da kai kaya kasuwa. Ɗaya Hilux ce, ɗaya L200, na ukun ma Fijo 504 ce irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun kafin a haife ni. Abin da ya ja hankalina shi ne dukkansu da magana ɗaya suka rufe saƙon: "Kuma takardunta cikakku ne, har da ta lafiyar mota, ba a daɗe da sabunta ta ba."

Na ga gara in amsa a nan kowa ya gani, don na san akwai masu irin wannan tunani da yawa da ba su tambaya ba. Ra'ayina a taƙaice: ka nemi takardar lafiyar mota, doka ce, kuma tana da amfaninta. Amma kada ka ɗora jarinka a kanta. Ba ta amsa tambayar da kai mai kiwo kake buƙatar amsarta, wato shin motar nan za ta kai kayan da ke numfashi inda za su, da lodi, cikin rana, ba tare da ta tsaya ba?

Bari in fara da abin da ya same ni, don ba a littafi na karanta wannan ba.

A farkon 2024 ni da wani ɗan uwana muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar akori-kura mai amfani da dizal. Rabin kuɗina adashi ne na kwasa, sauran kuma yayata ce ta ranta mini. Ranar ciniki mun tayar da ita ta tashi bugu ɗaya, mun zagaya unguwa da ita kamar minti goma, birki yana kamawa, fitilu duka suna kawowa. Mai ita ya miƙo fayil, takardar lafiyarta saura wata huɗu ta ƙare. Ni da digirina na kasuwancin noma na duba takarda na ce alhamdulillahi, muka biya. Wata biyu muna ɗauko abinci da ita buhu goma sha biyar, buhu ashirin, da sassafe, ba ta taɓa ba mu matsala ba.

Sai kwana uku kafin ƙaramar Sallah, cikin watan Afrilu. Wanda yake Kano a lokacin zai tuna zafin azumin nan. Muna da buroila 240 da suka kai sati bakwai, an yi ciniki da dila a cikin gari, tafiyar kilomita sittin da 'yan kai. Mun shirya tashi bayan Asuba, amma kama kaji da jera keji ya ja mu, ba mu bar gona ba sai wajen tara da rabi. Keji 24, kaji goma-goma, mu uku a gaba. Mun ci fiye da rabin hanya sai na ga allurar zafi tana hawa. Kafin mu samu gefen da za mu tsaya, sai muka ji fuuu, tururi ya turnuƙe gaban mota. Tiyon lagireto na ƙasa ya fashe.

Wurin babu inuwa sai wata 'yar bishiya can nesa da titi. Kuskurenmu na biyu shi ne mun ɓata kusan awa guda a kan bonet muna ƙoƙarin ɗaure tiyo da roba, kaji suna baya a jere cikin rana. Da na zagaya na ga na tsakiya sun buɗe baki suna haki, wasu sun riga sun miƙe ƙafa, sai jikina ya mutu. Muka fara sauke keji muna gudu da su inuwa, da azumi a bakinmu. Wani bawan Allah mai sayar da rake ya ara mana wuƙa muka riƙa yanka waɗanda suka kusa tafiya. Motar da muka kira ba ta iso ba sai bayan Azahar. Lissafin ƙarshe: 58 mushe, 31 an yanka a bakin hanya an sayar yadda aka samu, sauran kuma dila ya rage musu kuɗi don sun galabaita. Ribar zagayen nan gaba ɗaya ta tafi, har ta taɓa uwar kuɗi. Bashin yayata sai da ya kai ƙarshen shekara kafin na gama biya.

Washegari da aka ja motar zuwa gareji, ogan garejin, wani dattijo, ya sauke lagireto ya nuna mini. Kusan rabin hanyoyin ruwan sun toshe da tsatsa da laka. Fankar ta saki, tana juyawa amma ba ta jan iska sosai. Tamostat kuwa an cire shi tun tuni. Na ce, "Baba, amma fa takardar lafiyarta ba ta ƙare ba." Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Yaro, takarda tana sanyaya inji ne?"

Abin da na daɗe ina tunani a kai shi ne, takardar nan ba lallai ƙarya ta yi ba. Birkin motar yana kamawa, fitilunta lafiya, sitiyarinta bai da wasa. Ni ne na tambaye ta abin da ba aikinta ba ne.

To mene ne aikinta?

Jami'an duba motoci, waɗanda muka fi sani da VIO, su ke ba da wannan takarda a ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, a Abuja kuma ƙarƙashin hukumar birnin tarayya. Ana sabunta ta bayan wata shida ko shekara, ya danganta da irin rajistar da aka yi wa motar. A wurare irin su Legas da Abuja akwai cibiyoyin da ke gwaji da na'ura: a hau da mota kan wasu ƙarafa masu juyawa a auna ƙarfin birkin kowace ƙafa, a duba hasken fitila, a auna hayaƙi, a leƙa ƙarƙashinta. Legas ma tun Janairun 2022 ta ce ba za ta ƙara ba da takardar ba sai an kawo motar an duba. Duk wannan abu ne mai kyau. Amma ka lura da abin da ake nema: birki, sitiyari, taya, fitila, gilashi, hayaƙi. Manufar ita ce kada motarka ta kashe ka ko ta kashe wani a hanya. Ba a kafa gwajin don a gano ko lagiretonka ya toshe ba, ko bel ɗin taimin ya kusa tsinkewa, ko kuloci ya cinye, ko famfon mai yana gab da mutuwa. Mota tana iya cin jarrabawar nan da safe, da gaskiya ba da cuwa-cuwa ba, ta kwana a bakin hanya da daddare.

Sannan ana duba ta ne babu kaya. Mu kuwa ba ma tuƙa mota babu kaya. Yawancin akori-kura masu gida ɗaya an yi su ne don ɗaukar wajen tan guda, kuma a cikin tan ɗin har da direba da yaran da ke zaune a kan lodi. Buhun abincin kaji kilo 25 ne, buhu arba'in sun cika tan. Buhun masara na Dawanau goma sun cika. Mai kifi kuma ya tuna cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce: duro huɗu masu lita 200 sun kai kilo 800 tun ba a zuba tarwaɗa ko ɗaya ba. Ruwan kuma ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu, ka taka birki ya taho gaba, ka sha kwana ya koma gefe. Birkin da ya tsayar da motar wayam a filin gwaji, ba shi ne zai tsayar da wannan a gangara ba.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tsofaffin Hilux da ire-irensu suna da wani ɗan bawul a ƙarƙashi, kusa da aksul na baya, wanda aikinsa shi ne ya ƙara wa birkin baya ƙarfi idan lodi ya danne motar. A motocin da suka sha wuya za ka tarar ya daskare da tsatsa, ko an kwance sandarsa an yar. Wasu kuma sun ƙara wa motar ganyen sifirin don ta ɗauki obalodi, sai ta daina dannuwa yadda aka tsara, bawul ɗin ya ɗauka babu kaya alhali tana ɗauke da tan ɗaya da rabi. Babu kaya ba za ka taɓa gane wannan ba.

Na uku, takarda labarin rana ɗaya take bayarwa. Wadda aka yi a Janairu cikin sanyi ba ta san abin da ya faru da motar a Fabrairu da Maris ba. Sabuwar mota tana iya yin shekara ba abin da ya canza a jikinta. Motar da ta shekara ashirin da biyar kuwa, wata huɗu a hanyar ƙauye sun isa boljoyin ya saki, tiyo ya tsage, walda ta buɗe.

Na huɗu kuma kowa ya san shi, ba sai mun ɓoye wa juna ba. Akwai 'yan kamasho da za ka ba kuɗi da kwafin tsofaffin takardu, su kawo maka sababbi har gida, motar tana kan jak a gareji ko taya babu. Idan mai sayarwa ya miƙo maka takarda, ba ka da hanyar sanin ta wace ƙofa ta fito.

A nan ina so in yi magana da mu kanmu, don mu ma muna yin haka. Ɗan uwa, in ka sayi mota, ka kai ta a duba da gaske. Idan ta faɗi, ka gode wa Allah, an nuna maka ciwo a kuɗi kaɗan. Asarar kaji ana mayarwa, ni shaida ne. Amma ka shiga kasuwar ƙauye ranar cin kasuwa da duro huɗu a baya birki ya ƙi, ka hau kan ɗan wani, wannan babu zagayen kiwon da zai biya shi. Kuma ka sani, inshorar da yawancinmu muke yi, mai rufe ɓarnar da ka yi wa wani, ba ta biyan kajinka ko kifinka ko motarka.

To in takarda ba ta isa ba, me za a yi? Ga abin da nake yi yanzu, kuma shi nake ba duk wanda ya tambaye ni.

1. Ka je da makanikenka, ba na dillali ba, ba abokin mai motar ba. Ka biya shi kuɗin yininsa ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya zama sai an yi ciniki zai samu wani abu.

2. Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo. Ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar a sanyaye yake. Injin da ya gaji a tashin farko yake tona kansa. Ka tsaya a bayan salansa: shuɗin hayaƙi yana nufin tana shan baƙin mai, fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi ɗumi yana iya zama ruwa ne ke shiga inji, baƙi kuma matsalar nozul ce ko matatar iska.

3. Tun kafin a tayar, ka buɗe murfin baƙin mai da na lagireto. In ka ga abu kamar shayi mai madara a murfin mai, ruwa da mai sun haɗu, ka yi sallama ka tafi. In ruwan lagireto ja ne kamar na kududdufi, ka san hanyoyinsa sun fara toshewa. Ka matsa tiyo da hannu, wanda ya yi tauri kamar itace ko ya yi laushi ya kumbura, kwanansa ya ƙare. Ka tambaya ko akwai tamostat. Cire shi da ake yi wai don ƙasarmu da zafi, sau da yawa ɓoye wani ciwon ne ake yi.

4. Wannan shi ne mafi muhimmanci: gwaji da lodi. Ka zuba mata buhu talatin na abinci, ko yashi mai nauyin haka, ka fita da ita tsakar rana, tafiyar kilomita talatin zuwa arba'in. Ka nemi hawa, ka nemi hanya mai gargada, ka shiga cunkoso. Idonka a kan allurar zafi, kuma ka tabbatar allurar tana aiki, don akwai wadda aka kashe ta zauna wuri ɗaya. In kun dawo kada ka kashe, ka bar ta tana aiki minti goma a tsaye, sannan ka leƙa ƙasa ka ga abin da ke ɗiga. Mai motar da ya ƙi yarda da wannan gwaji, ko da kai za ka zuba mai, ya riga ya ba ka amsa.

5. Da lodin a kai ka gwada birki a wurin da babu mutane. Tana ja gefe? Feda tana nutsewa a hankali in ka danne ka riƙe? Birkin hannu yana riƙe ta a gangara? Ka sa babbar giya a ƙaramin gudu ka taka totur, in inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya tafi.

6. A hau da ita rami a duba shasi da tocila da ƙaramar guduma, musamman wajen da sifirin yake kamawa. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. Shasin da ya taɓa karyewa aka yi masa walda, a wajen zai sake karyewa. In motar ta taɓa aikin kifi ko ɗibar kashin kaji, ka ƙara dubawa da kyau, don ruwa da kashin kaji suna cin ƙarfe daga ƙasa, sama tana ƙyalli.

7. Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba. Ka kuma duba ko tayar ɗaukar kaya ce, mai alamar C ko LT. Da yawa suna sa wa akori-kura tayar ƙaramar mota 'yar gwanjo don araha, ita ce ke fashewa da lodi a kwalta mai zafi.

8. Ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takardu, harafi da harafi. Ka nemi takardar kwastan da shaidar mallaka, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a yi canjin suna. Motar da aka kama a shingen bincike da kaji a baya, da wadda ta lalace, duk ɗaya ne a wajen kajin.

9. Kafin ka biya, ka shiga Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Fanteka in kana Kaduna, ko kasuwar kayan gyaran da ke kusa da kai, ka tambayi kuɗin lagireto, kuloci, famfon mai da nozul na irin motar. In an ce sai an aiko daga Ladipo a Legas, ka lissafa kwana nawa za ta yi a ajiye duk lokacin da ta lalace.

Bayan ka saya kuma, kada ka ɗora mata kaya mai rai sai ka canza abubuwan da ba ka san tarihinsu ba: duk tiyoyin ruwa, fambel, man birki, baƙin mai da matatu, a wanke lagireto ko a canza shi. In injin mai bel ɗin taimin ne, kamar tsofaffin dizal na Toyota 2L da 3L da ake canza wa a kilomita 100,000, ka canza kawai, kada ka yarda da "ba a daɗe da sawa ba". In ya tsinke a kan tafiya yana iya haɗawa da bawul-bawul na inji, gyaran ya ninka kuɗin bel ɗin sau da yawa. Man birki kuma yana shan danshi da daɗewa, in ya tsufa yana iya tafasa a doguwar gangara da lodi, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa. Ƙa'idata ni ita ce, in ba ni da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar a ajiye don wannan gyaran farko, to kuɗina bai kai na mota ba tukuna.

Wannan ya kawo ni tambayar da ta fi duka, wadda mutum ukun nan babu wanda ya yi: shin ma kana buƙatar motar yanzu?

Mu yi lissafi. Buroila 500 daga kwana ɗaya zuwa sati shida ko bakwai za su ci wajen buhu 80 zuwa 90. Sawu uku ke nan. 'Yan tsakin kwali goma ne, sun shiga bayan ƙaramar mota. Ƙara sawu ɗaya ko biyu na ɗauko ɓuntun shinkafa ko dusar katako, da sawu biyu na kai kaji in ba a gona dila zai ɗauka ba. Duka-duka sawu bakwai ko takwas a wata biyu. Sauran kwana hamsin motar tana ajiye, batir yana sauka, takardu suna ƙarewa, kuɗin da ya isa ya gina maka wani ɗakin kaji yana tsaye a kan taya huɗu. Mai tarwaɗa dubu ɗaya ma haka: abincin wata biyar zuwa shida bai wuce buhu saba'in ko tamanin masu kilo 15 ba, kuma ranar kwasa yawanci masu saye da motarsu suke zuwa bakin kududdufi. A wannan mataki haya ta fi, ko babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya in tafiyar ba nisa.

Inda lissafi yake juyawa shi ne in kana da kajin ƙwai kamar dubu. Suna cin wajen buhu biyar kullum, in suna kan ganiya kuma kana kwasar kiret ashirin da biyar zuwa sama kowace rana, ga kwastomomi a cikin gari suna jira. Nan mota tana da aikin yi kullum. Ko kuma in za ka riƙa yi wa maƙwabtan gona jigila ana biyanka, ko ku haɗu ku uku ku huɗu ku saya tare da rubutacciyar yarjejeniya a kan mai, gyara da wanda zai tuƙa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin haya ya yi tashin da ba a zata ba. Direban haya zai ce maka ƙarfe shida ya zo tara. Mafi girma kuma, motar haya jiya tana wata gonar, shekaranjiya tana kasuwar kaji, tana iya kawo maka cuta a taya da keji. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gona a jihar Kaduna a 2006, masana suke nanata cewa motoci da kejin da ke yawo tsakanin gonaki suna cikin hanyoyin da take bi. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta mallakar motarka. Amma maganinta na kusa shi ne motar haya ta tsaya a bakin ƙofa, a fesa mata magani, ka yi amfani da kejinka, direba kada ya shiga ɗakin kaji. Kuma motarka ma in ta je kasuwa ta dawo ba ka wanke ta ba, ita da ta haya ba su da bambanci.

Wasu kuma za su ce tsofaffin motocin nan sun fi na yanzu ƙarfi. Ban musa ba. Akwai Fijo akori-kura da har yau suke ɗaukar tumatir da albasa a ƙauyukanmu, kuma kowane makanike ya san cikinsu. Ni ma har yanzu tsohuwar motar nan ce a hannunmu, bayan mun kashe mata abin da ya kamata mu kashe tun farko, kuma tana aiki. Tsufa ba shi ne aibi ba. Rashin sanin abin da ke cikinta shi ne ya kashe mini kaji.

Ko motarka ce ko ta haya, ranar da za ka ɗauki kaya mai rai ga abin da na koya da tsada. A gama lodi kafin gari ya waye, a tashi da an idar da Asuba. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, kuma iskar da ke ratsa keji lokacin da mota ke tafiya ita ke riƙe da ita, da mota ta tsaya iskar ta tsaya. Lokacin zafi ka rage yawan kaji a keji, ka bar tazara tsakanin layuka, kada ka lulluɓe da tamfol. Kifi a daina ba shi abinci kwana guda kafin tafiya don kada ya ɓata ruwan da kashinsa. Tarwaɗa tana da juriya don tana iya shaƙar iska, ƙarfasa kuwa ba ta jira. Ka duba ruwa, mai da iskar taya tun daren jiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙe jarkar ruwa biyu, tiyo da fambel na ko-ta-kwana, wuƙa mai kaifi, da lambar direba na biyu wanda ka riga ka gaya masa yau kana hanya. In haɗari ne, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. In kuma mota ta tsaya, kada ka fara da bonet kamar yadda na yi. Ka kira mota ta biyu nan take, ka sauke kaji zuwa inuwa, sannan ka koma kan inji. Kuma kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska a haka.

Ga 'yan uwana uku da suka tambaya: ban ce kada ku saya ba. Na ce ku ajiye fayil ɗin a gefe tukuna, ku zuba mata buhu talatin, ku fita da ita da rana tsaka tare da makanikenku. In ta dawo allura tana tsakiya, ƙasa a bushe, birki yana kamawa, sai a zauna a yi maganar kuɗi, a kuma cire na gyaran farko daga farashin. In mai ita ya ce shi ba a yi wa motarsa haka, ku yi masa godiya ku riƙe kuɗinku, ku ƙara kaji.

Masu tsofaffin akori-kura a cikinmu, wace iri ce a hannunku, kuma me ta fi yawan ba ku matsala da shi? Wanda mota ta taɓa tsaya masa da kaji ko kifi a baya, ya ba mu labarin yadda ya yi, wani zai tsira da shi. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a kiwonmu.